Jan Biro a Kan Ɗinkina

Kwanakin baya wani matashi ɗan layinmu, wanda ya gama difloma yana jiran aiki, ya tsaya a bakin zaurena yana kallona ina cika wuyan riga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wai Baba har yanzu kana wannan wahalar, ai yanzu daga gida ake aiki, waya kawai da data. Na dube shi ta saman tabarau, na tambaye shi nan inda nake zaune gidan wa ne. Ya yi dariya ya wuce. Ni ban yi ba. Kusan shekara arba'in ke nan ina aiki daga gida a Ƙofar Gayan. Ubana ma a zaure ya yi dukancinsa har ya mutu, matan unguwar nan kuwa ba su taɓa neman kuɗi a ko'ina ba sai a tsakar gida. Ku ne kuka ji abin jiya a waya kuka ɗauka sabo ne. Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutun. Ni ba ɗan boko ba ne, aji biyu na yi a sakandare na bari, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya wuce.

Sana'ata ɗinkin hannu ce, aikin babbar riga. Wanda bai sani ba yana ganin riga a jikin Alhaji ranar Juma'a ya ɗauka mutum ɗaya ne ya yi ta. Hannu biyar ko shida take ratsawa. Mai riga ya kawo shaddarsa, tela ya yanka, mai zane ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana aska biyu ko aska takwas a ƙirji, da tambari a baya, sannan ta iso gare mu masu allura. In mun gama ta koma wajen tela ya haɗe, daga nan 'yan bugu su ɗora ta a kan gungume su yi ta dukanta har ta ɗauki ƙyalli. Kayan aikinmu ba su cika aljihu ba: allura, zare, reza, sai gwiwar da kake ɗora yadin a kanta. Shi ya sa kuke raina mu. Ba ku ganin abin da ke ƙarewa, wato ido da ƙashin baya. Wannan tabarau na uku ke nan a fuskata.

Ina ɗan shekara goma sha biyu mahaifina ya kai ni wajen Malam Ɗan'asabe, gida uku daga namu. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa shadda ba. Ƙyallen akoko yake ba ni, in cika shi, ya karɓa, ya juya bayansa. Ban taɓa ganin ya fara duba gaban aiki ba. Ya ce gaba kowane maƙaryaci yana iya gyara shi, a baya ne ake ganin wanda ya yi tsallake da wanda ya ƙulla zare inda bai kamata ba. In ya ga abin da bai yi masa ba, ba zagi, ba duka. Reza zai miƙo maka. Ka zauna ka warware aikin kwana uku da hannunka, zare ɗaya-ɗaya, ba tare da ka huda yadin ba, ka sake daga farko.

Akwai wata aska takwas da muka yi wa wani Alhaji mai fataucin auduga daga Funtuwa, farar shadda da zaren tsamiya. Wata uku muka yi a kanta. Ya zo ya sa, aka riƙe masa madubi, ya juya, ya ce tambarin baya ya karkace. Ni na san bai karkace ba, don ni na riƙe wa mai zane yadin. Na buɗe baki zan yi magana, Malam ya taka mini ƙafa. Ya ba Alhajin haƙuri, ya ce ya dawo bayan sati uku. Da ya tafi na ce wa Malam wallahi tambarin nan daidai yake. Ya ce ya sani, kafaɗar Alhajin ce ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma tunda ba mu iya warware kafaɗa, tambari za mu warware. Muka warware, muka karkatar da shi da gangan. Alhaji ya zo ya sa, ya ce yanzu aka yi aiki. Har ya rasu ba ya kai rigarsa ko'ina sai wajenmu.

Abu biyu na tashi da su daga zauren Malam. Na farko, ba a musu da mai riga. In ya ce aiki bai yi ba, ka ɗauki reza, asarar taka ce, kuma ba ka kai maganar waje. Na biyu, mai riga shi ke kawo yadinsa, shi ke ba da kuɗin zare, tun kafin ka zura allura. Mai ɗinki ƙarfinsa da idonsa kawai yake sawa. Ban taɓa ganin Malam ya zaro sisi daga aljihunsa don a ba shi aiki ba. To, na farkon na riƙe shi gam, na biyun na sake shi da hannuna, kuma haɗuwarsu ce ta kayar da ni.

Da Malam ya rasu, matarsa Goggo Ladi ta aika a kira ni. Dole in yi muku bayanin wannan, don shi ne ainihin abin da na rasa. Mutum ɗaya ba ya iya cika riguna goma a wata biyu. Saboda haka babban mai ɗinki yakan karɓi aiki, ya yi wuya da wurare masu wahala da kansa, ya raba ciko ga matan unguwa. Matan nan ba su san mai riga ba, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Mai rabon aiki kawai suka sani. In ya ce za a biya ranar kaza, sun gama, a kan wannan maganar za su yi cefane, su zuba adashi, su yi wa 'yar da za a aurar tanadin kwano. A layinmu ta hannun Goggo Ladi komai yake bi, ita ke rabawa, ita ke tarawa. Ranar ta ce mini matan sun yi shawara, daga hannuna za su riƙa karɓa, don sun san wanda ya rene ni. Fiye da shekara ashirin ina riƙe da wannan. Ba takarda, ba sa hannu, kuma ba ranar da wata ta aiko tana tambayar ina nata.

Sai shekarar da komai ya tsaya. Shadda ta yi tsadar da wanda ke ɗinka uku da Salla ya koma ɗaya. Injin ɗinki mai kwamfuta ya cika Sabon Gari, yana yi wa mutum aska takwas a wuni ɗaya, aikin da in ka juya bayansa za ka ga kamar gidan gizo, amma wa ke juyawa yanzu? Wata huɗu ban kai wa Goggo Ladi ko ƙyalle ba. In na shiga gaishe ta ba ta tambaya, sai dai ta ce matan suna gaishe ni. Na san ma'anar gaisuwar.

A cikin wannan halin wani bidiyo ya shigo guruf ɗin unguwarmu a waya. Wanda ya turo dattijo ne mai mutunci, shi ma turo masa aka yi. Aka nuna wani falo mai kyau, kujeru da filo-filo, kowane filo an sa masa riga mai ƙaramar aska biyu, ɗinkin hannu irin namu. Wata murya tana cewa kamfaninsu a Abuja yake, suna fitar da ɗinkin Zariya ƙasar waje, suna neman ƙwararru da za su yi aiki daga gidajensu, musamman mata. Na kira lambar. Mace ta ɗauka, Hausarta ras, ta ce ita ce Hajiya Manaja. Ta ce in turo hotunan aikina. Na tura na riguna uku. Ba a yi minti goma ba ta kira ni da kanta, ta ce Malam ashe har yanzu akwai irinku, ta ce shekara biyu suna neman hannu irin wannan. Ni da na yi wata huɗu ba wanda ya ce mini sannu, sai na gyara zama.

Sannan ta kawo sharaɗi. Ba sa ɗaukar mutum ɗaya, sai ƙungiya ta mutum goma zuwa sama. Kowa zai cike fom ya biya kuɗin rijista. Kuma yadi da zare dole daga wajensu za mu saya, wai don Turawa ba sa son kala ta bambanta. In mun gama su saye kowace rigar filo a kan kuɗin da ya ninka na ciko sau huɗu. Na ce mata zan yi tunani. Sai ta ce ba matsala in ban shirya ba, gurbi ɗaya ya rage, kuma akwai wata ƙungiya a Kano da ke jira, ranar Juma'a za su rufe. Ku ji fa. Ɗinkin Zariya, a ba 'yan Kano. Ban san ko ta san abin da wannan maganar ke yi wa Bazazzagi mai allura ba, ko kuwa kowa haka take gaya masa ta sauya sunan gari. Amma ta same ni.

Na gaya wa Lawal tela, wanda ke yanka mini riguna tun muna samari. Yana kan keke yana ɗinki, ko tsayawa bai yi ba. Ya ce, "Kai Sule, tun yaushe mai ɗinki ya fara sayen yadin mai riga?" Na ce masa wannan kamfani ne, ba Alhajin ƙauye ba, tsarinsu daban. Ya tambaye ni ko na san mutum ɗaya da suka taɓa biya. Na nuna masa guruf ɗin da Hajiya ta sa ni a ciki, mutane sai turo hoton alat na banki suke yi, wannan ta ce Alhamdulillahi an biya ni, waccan ta ce Allah ya saka wa Hajiya. Ya karɓi wayar ya duba, ya ce shi ba hoto ya tambaya ba, mutum ya tambaya, mai gida da unguwa, wanda za a je a yi masa sallama. Na ce masa baƙin ciki ne ke damunsa don ba aikin tela a ciki. Haka na faɗa wa mutumin da muka yi shekara talatin tare. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da taka kekensa.

Ranar Laraba na shiga wajen Goggo Ladi da maganar. Tambaya ɗaya ta yi mini, ta ce na yarda da su? Na ce na yarda. Shi ke nan. Kafin azahar ɗin Juma'a mata goma sha ɗaya sun kawo nasu. Wata ta karɓi kwasar adashinta tun lokaci bai yi ba, wata ta sayar da tunkiya, wata ta taɓa abin da take tara wa 'yarta. Ba wadda ta ga bidiyon, ba wadda ta ji muryar Hajiya. Ni suka ji. Na haɗa da nawa na tura a akawun da aka ba ni. Sunan da ya fito ba na kamfani ba ne, na wani mutum ne. Na tambaya, ta ce sunan ma'aikacinsu ne mai kula da kuɗi. Na yarda da wannan ma.

Kayan sun zo, kuma nan ne wayonsu yake. Da ba su turo komai ba, da a sati ɗaya na gane. Direba ya kira ni a tashar Ƙofar Doka, na karɓi buhu ɗaya. Na kwance shi a zaure. Yadin irin mai santsin nan ne da ake yi wa 'yan makaranta labule da shi, an yanka murabba'i-murabba'i, an buga zanen da inji. Na ɗauki zaren, na ja shi tsakanin yatsu, na sa a baki na jiƙa, na goga a farin ƙyalle. Ya bar shuɗi. Zaren da ke zuba tun bai ga ruwa ba. A kasuwar cikin gari ko kyauta aka ba ni irinsa ba na karɓa, kuma mun biya shi kuɗin siliki. Na kira ta. Ta ce Turawa ba sa wanke rigar filo, in ta yi datti jefarwa suke yi. Ni ban taɓa shiga gidan Bature ba, da me zan musa? Na naɗe ƙyallen da ya yi shuɗi na cusa a ƙarƙashin tabarma, na ɗauki buhun na kai wa Goggo Ladi, ban ce mata komai ba.

Sati shida muka yi. Duk lalacewar zaren, matan nan sun fitar da aikin da in ka gani sai ka ji tausayin yadin da aka ɓata shi a kai. Ni na yi bakin kowace aska, su suka cika. Ƙa'idar kamfani ita ce a fara tura hoto a duba, in ya yi sannan su aiko mota. Na shimfiɗa su a kan farin zane a tsakar gida inda haske yake, na ɗauka ɗaya-ɗaya na tura. Washegari hotunan suka dawo. An zagaye wurare da jan layi, kamar yadda malamin firamare ke yi wa littafin daƙiƙi da jan biro. A ƙasa an rubuta wai ɗinkin bai kai matakin da ake so ba, tazarar zare ba ɗaya ba ce. Na buɗe hoton na ƙara girmansa. Inda aka fi zagayewa bakin aska ne. Nawa. Ba na matan ba.

Mai hankali a nan zai tsaya ya ce, wace ce ke, a wane zaure kika koya, juya bayan aikin ki gani. Ni ban yi haka ba. Shekara arba'in an gina ni a kan cewa in mai riga ya ce bai yi ba, bai yi ba. Na ba ta haƙuri, kamar yadda na ga Malam ya yi. Na ɗauki reza. Abin da ban lissafa ba shi ne Alhajin Funtuwa rigarsa yake so, yana jiran ta, ya riga ya sa dukiyarsa a ciki. Wannan kuwa ba ta sa komai ba, kuma ba filo take so ba. Ta riga ta sayar da abin da take sayarwa. Ga shi yadin ba ya ɗaukar warwara. Shadda za ka warware ta sau biyu ta haƙura, wannan kana zare zare ɗaya sai rami. Na lalata shida kafin na ajiye rezar. Na kira ta, ta ce ba damuwa, irin haka na faruwa da sababbi, in sayi wani buhun za ta yi mini ragi. Sabo. Ni.

Ban koma wa matan da maganar kuɗi ba. Babur ɗina na sayar na biya buhu na biyu. Na gaya wa Goggo Ladi cewa mai kaya ya ce a sake. Ta ce to, haka Malam yake yi, za ta gaya musu. Mata goma sha ɗaya suka sake zama sati biyar, ba ko sisi, saboda tsohuwar ta ce ba a musu da mai riga. Wannan karon da ma'auni na riƙa bi, ina auna tazarar zare kamar mai aikin asibiti. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irinsa ba, kuma a kan yadin labule na yi shi. Na tura. Suka dawo da jan layi, har ya fi na farko yawa.

Da ƙafa na je shagon Lawal, tunda ba babur. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Na miƙa masa wayar. Ya duba hotunan ya daɗe, sannan ya ce in nuna masa samfurin da suka turo tun farko, wanda suka ce shi ne abin koyi. Na nuna masa. Ya yanke gefen hoton yadda kujerar falon ba za ta fito ba, sai filon kawai, ya tura wa Hajiya daga wayata, ya rubuta a ƙasa cewa ga wanda na sake, a duba. Ya ce in zauna. Ya sa aka kawo mana kunun zaƙi. Kafin a kira la'asar amsa ta zo. Samfurinsu, hotonsu na kansu, an zagaye shi da ja wuri uku, an rubuta tazarar zare ba ɗaya ba ce.

Na kira ta a gaban Lawal. Ta fara da muryar nan mai daɗi, wai in yi haƙuri, na kusa, saura kaɗan, buhu na uku rabin kuɗi za ta ba ni. Na bar ta ta gama. Na ce mata hoton da ta soke yanzu nata ne, daga tallarsu aka ciro shi. Sannan ta ce, "Malam, kai ka ce za ka iya. Ba wanda ya tilasta maka." Ta kashe. Kafin in sake kira an cire ni daga guruf, lambar kuma ba ta ƙara shiga ba. Lawal ya kira surukinsa da ke Abuja ya ba shi adireshin da ke kan fom ɗin rijista. Washegari ya je. Shagon sayar da tayil ne, kuma mai shagon ya ce ni ne na huɗu da aka aiko nema a watan. Kiran waya ɗaya ke nan. Da na yi shi wata uku kafin nan, da bai ci mini ko kuɗin kati ba. Na kai ƙara inda ake kaiwa, aka rubuta, har yau ana bincike.

To ku da kuke kwance kuna latsa waya kuna neman aikin gida, ga abin da na sani. Duk wanda ya ce zai ba ka aiki amma ka fara biyan shi, da sunan rijista ne, ko fom, ko kayan aiki da ba a samu sai a wajensa, to ba ma'aikaci yake nema ba, mai saye yake nema, kuma kai ne. In ya ce ranar Juma'a za a rufe, ka bar shi ya rufe. Hoton alat ba shaida ba ne, yaro ma yana iya haɗa shi, ka nemi mutum mai fuska da ƙofar gida wanda ya karɓi kuɗinsa a hannu. In an ba ka adireshi, ka tura wani ya taka. In wanda ya girme ka a sana'a ya yi maka tambayar da ta ɓata maka rai, to ita ce tambayar. Kuma wallahi, ko me za ka yi, kada ka jawo kowa cikin abin da kai kanka ba a taɓa biyan ka a ciki ba ko sau ɗaya. Naka in ya tafi, ka yi tsaki ka nemi wani. Na mutane ba haka yake tafiya ba.

Da hantsi na shiga wajen Goggo Ladi. Tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Na durƙusa na faɗa mata komai, daga bidiyon har shagon tayil. Na ce kuɗin matan yana wuyana, zan biya kowace ko zai kai shekara nawa. Ba ta daina tsintar ba. Da na gama ta ce ita ba wannan take son ji ba, ɓarawo ya cuci wanda ya fi ni wayo. Sannan ta ɗago.

"Sule, ranar da buhun farko ya zo, ka gwada zaren?"

Na ce na gwada.

"Ya zuba?"

Na ce ya zuba.

"Mu ma da muka zura shi a allura mun ga ya ɓata mana yatsu. Na ce musu su yi shiru, tunda ya bi ta hannun Sule ya san abin da yake yi. Ashe ka gani, ka ɗauko ka kawo mini, ka gaishe ni, ka fita."

Ta ce in tashi in je, Allah ya rufa asiri. Ta koma kan shinkafarta.

Na biya su. Da allurar nan na biya, kaɗan-kaɗan, har ta ƙarshe, mai tunkiya. Kowace ta karɓa ta aiko da godiya. Na ɗauka magana ta ƙare. A cikin wannan lokacin Goggo Ladi ta fara karɓar ciko daga hannun wani Malam Sani na Tudun Jukun, wanda na girme shi a sana'a da shekara goma sha biyar. Ni kuwa a lokacin ba ni da abin ba su.

Bana wani Alhaji, ɗan wancan na Funtuwa, ya zo da motarsa har ƙofar zaurena. Zai aurar da ɗansa, yana son riguna shida cikin wata biyu, duk ɗinkin hannu. Shadda a hannunsa, mai nauyi, ya ajiye kuɗin zare a kan tabarma tun ban tambaya ba. Aikin gaske, irin wanda na yi shekara uku ban gani ba. Na ɗauki yadi ɗaya na shiga wajen Goggo Ladi, na shimfiɗa a gabanta, na ce ta taɓa ta ji. Ta taɓa, ta ce shadda ce mai kyau. Ta ce za ta aika a tambaye su, ba za ta sa baki ba. Kwana biyu na jira. Amsa ta zo cewa duk suna da aiki a hannu, suna gaishe ni. Goma sha ɗayan. Ni kuwa a layin nake, na san rabinsu zaune suke.

Hannu ɗaya riga ɗaya yake iya yi a wata biyu. Na kira Alhajin na gaya masa gaskiya, na ce zan yi ta ango, sauran biyar in ya yarda in kai su inda za a yi masa su da kyau. Ya ce shi ni ya sani, in yi yadda na ga dama. Na naɗe biyar a cikin zane, na hau ɗan acaɓa zuwa Tudun Jukun. Malam Sani ya tashi tsaye ya karɓe ni, yana ta Baba Sule da kanka, ya ba ni buzunsa na zauna. Ya duba shaddar ya yaba. Na tambaye shi yana da hannun da za su cika biyar a kan lokaci. Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce yana da su.

Washegari ina zaune a zaure da ta ango a gwiwata, sai ga babur ɗinsa ya shigo layinmu da ƙunshin a baya, cikin zanen da na naɗe su. Ya ɗaga mini hannu, ya wuce ƙofata, ya tsaya gida uku gaba, ya yi sallama. Daga inda nake na ji muryar Goggo Ladi tana cewa a ce masa ya shigo.